Ƙarƙashin hanyar jirage: littafin aikin auna ƙara da hayaƙi a kudancin filin jirgin Jidda

8 ga Fabrairu, 2025

Aikin ya tashi daga takarda, yau ya hau saman bene. Abin da muke nema a taƙaice shi ne mu san irin ƙarar da ke shiga kunnen mutanen da ke zaune kudu da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, a unguwanni irin su Nuzha da Marwa da Rabwa, da kuma irin iskar da suke shaƙa. Akwai Hausawa da dama a wannan yanki. Wasu sun daɗe, wasu kuma sun ƙauro ne bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ɗauke tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Gulail da Karantina. Ta hannunsu muka samu ƙofar shiga, domin ba kowa ne zai yarda baƙo ya hau masa saman gida da na'ura ba. Mu uku ne: ni, da ɗan kawuna mai tuƙa mu, da wata ƙanwarmu da ke karatun lissafi, ita ce za ta riƙe alƙaluma.

Dalilin zaɓen kudu yana cikin shimfiɗar filin. Titunan jirgi uku ne a jere, sun miƙe daga kudu zuwa arewa, sun ɗan karkata yamma. Bakinsu na kudu ana kiransa 34, wato jirgin da ya hau ta nan ya fuskanci digiri 340 a kamfas, ɗaya bakin kuma 16. Jirgi yana sauka yana tashi ne da fuskarsa a cikin iska, iskar Jidda kuwa mafi yawan shekara daga arewa maso yamma take busowa. Saboda haka jiragen da za su sauka sai sun zagayo ta kudu, su bi ta kan gari suna yin ƙasa a hankali. Kuma wannan iskar dai ita ce take kwaso hayaƙin da ya tashi a cikin filin ta nufo kudu da shi. Unguwannin nan ke nan suna ɗauke da kaya biyu, ƙarar masu sauka daga sama, hayaƙin masu tashi daga gefe.

Jirgi mai sauka yana bin gangare na digiri 3. Idan saura masa kilomita 5 ya taɓa ƙasa, tsayinsa bai kai mita 300 ba. Daga saman gidan da muka fara da shi ana ganin tayoyi a sauke, ana karanta rubutun da ke jikin jirgin ba tare da an ƙanƙance ido ba.

23 ga Fabrairu

Na'urar auna ƙara ta gaske guda ce a hannunmu, aro daga sashenmu na jami'a, don haka zagayawa take yi gida gida. Ana ɗora ta a kan ƙafa uku, a rufe mata baki da soso saboda iska. A sauran gidajen mun bar tsofaffin wayoyi da manhajar auna ƙara, amma ba don mu ɗauki lambarsu ba. Waya ba ta da tabbas a wannan aiki, amfaninta kawai ta nuna mana lokacin da ƙara ta tashi. Daga baya ƙanwarmu takan buɗe Flightradar24, manhajar da ke nuna zirga-zirgar jirage, ta haɗa kowane tashin ƙara da jirgin da ya wuce a wannan mintin.

Wahalar saman benen Jidda ita ce shi ma ba shiru gare shi ba. Injinan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, suna ruri, famfon tankin ruwa yana kunna kansa, ga tattabarun maƙwabta, ga motoci a titin Madina da babban titin Haramain waɗanda ba sa barci. Sai mun yi ta matsar da na'urar kafin mu samu lungun da jirgi zai fito sarai daga cikin wannan hayaniya. Idan ya fito kuwa ba ya ɓuya: layin da na'urar take zanawa yana hawa a hankali, ya kai ƙololuwa, ya gangaro, duk cikin abin da bai kai minti guda ba.

Ga mizanin da za mu gwada da shi. Ana auna ƙara da desibel, kuma ƙarin desibel 10 a kunne kamar an ninka ƙarar ne sau biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara ga ƙasashen Turai cewa ƙarar jirage, idan an baje ta a kan yini da dare, kada ta wuce desibel 45, ta dare kaɗai kuma kada ta wuce 40. Amurka tun da daɗewa 65 take riƙe da shi a matsayin iyakar inda ya dace a gina gidajen zama. Lissafin nasu ya ɗan bambanta, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma ni na fi karkata ga na hukumar lafiya, domin daga binciken barci da na yadda ƙara take damun mutane aka ciro shi. Lambobinmu ba za su shiga wannan littafi ba sai an gama tantance na'urar a ƙarshen zango.

15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Azumi ya kawo mana tambayar da ba mu shigo da ita ba, kuma ina ganin ita ce mafi nauyi a duk aikin.

Ma'aunin da hukumar lafiyar da ƙasashen Turai suke amfani da shi ya raba yini gida uku. Ƙarar rana ana ɗaukar ta yadda take. Ta yamma ana ƙara mata desibel 5. Ta dare, daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe, ana ƙara mata 10, saboda a lokacin ne ake zaton mutane suna barci. To wa yake barci a Jidda ƙarfe 12 na dare a watan Ramadan? Kasuwa a cike, yara suna ƙwallo a layi, mata suna haɗa sahur, masallatai suna shirin tahajjud idan goman ƙarshe ta shigo. Barcin gaske bayan asuba yake farawa, ya kai hantsi, ga wasu har kusan azahar. Wannan kuwa a wurin ma'aunin rana ce tsaka, ba a ƙara mata komai. Jirgin da ya tashi tsohuwa daga barci ƙarfe 9 na safe a watan azumi ya yi mata irin ɓarnar da na ƙarfe 3 na dare yake yi wa mutumin Landan, amma a lissafi ba za a gani ba.

Kuma a daidai wannan watan ne masu Umra suke tururuwa, jirage suna bin juna a kan gangaren nan, kafin fitilar ɗaya ta ɓace ta wani ta bayyana a baya.

Ko a wajen azumi ma akwai gyara. Mutanenmu suna tashi sallar asuba, da yawa su koma su ɗan kwanta, sannan ga ƙailula bayan azahar, musamman lokacin zafi. Masu aikin dare ma ba kaɗan ba ne a cikin Hausawan nan: direbobi, masu gadi, masu hidimar baƙi tsakanin Jidda da Makka. Saboda haka mun yanke shawarar yin lissafi biyu. Na farko yadda kowa yake yi, don a iya gwada sakamakonmu da na sauran ƙasashe. Na biyu kuma za mu ɗora ƙarin desibel ɗin a kan sa'o'in da mutanen gidan suka ce suna barci da gaske. Mun raba wa gidajen takarda mai sauƙi, da Hausa da Larabci, kowa ya rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, da ko wani abu ya farkar da shi. Wata Hajiya da ba ta rubutun boko ta ce a bar mata, da ajami za ta cika tata. Ta fi kowa kiyayewa.

12 ga Afrilu

Bayan salla muka fara zaman hira gida gida. Amsar farko kusan iri ɗaya ce ko'ina: mun saba. Wani magidanci ya ce shi sai baƙo ya zo daga Najeriya ya ɗaga kai sama, sannan yake tuna akwai jirgi.

Na yarda da su, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai sabon kunne daban, sabon jiki daban. Binciken barci ya nuna cewa ko mutum bai farka ba, ƙarar jirgi tana iya sa bugun zuciyarsa ya ƙaru, ta fito da shi daga barci mai nauyi zuwa mara nauyi, da safe ba zai tuna komai ba. Wani babban bincike da ake kira HYENA, wanda aka yi a kan mazauna kusa da filayen jirgi shida na Turai aka buga a 2008, ya samu alaƙa tsakanin ƙarar jirage ta dare da hawan jini. A 2013 kuma an buga wani a kan mazauna kewayen filin jirgin Heathrow na Landan, inda aka ga kwanciya asibiti saboda shanyewar jiki da ciwon zuciya ta fi yawa a wuraren da ƙara ta fi tsanani. Shi ya sa muka daina tambayar ko ƙara tana damun ku. Yanzu cewa muke: kuna buɗe taga da dare a lokacin sanyi? Idan kuna waya da gida, kukan ce dakata jirgi ya wuce? Jariri yana firgita? A nan ne hira take buɗewa.

Zaman da ya fi tsaya mini a rai da wani dattijo ne, ɗan asalin Kano, wanda ya girma a Kandara lokacin da filin jirgin Jidda yake can a tsakiyar gari. Na gaishe shi na ce, “Baba, ku da kuka ga tsohon filin, yaya kuke gani da na yanzu?”

Ya ce, “Ɗana, wancan ai a bayan ɗakinmu yake. Jirgin da ba irin na yanzu ba ne, idan ya tashi har kwanukan Innarku sai sun amsa, ga baƙin hayaƙi yana bin sa. Da aka buɗe sabon a 1981 muka ce an kai shi daji, mun huta. Wa ya ce gari zai bi shi? Ga shi yau ni da kaina na biyo shi.”

Na ce, “Amma kun ce kun saba, Baba.”

Ya yi murmushi ya ce, “Sabo da kaza ai ba ya hana yanka ta. Ka rubuta abin da na'urarka ta gaya maka.”

Duk abin da ya faɗa haka yake. Jiragen yau sun fi na wancan zamani shiru nesa ba kusa ba, kuma an gina sabon filin ne kimanin kilomita 19 arewa da gari, inda babu kowa. Gidaje ne suka je suka same shi. Labarinsa ya tuna mini da Munik ta Jamus, inda aka rufe tsohon filin jirgi aka buɗe sabo a 1992, masu bincike suka bi yaran makaranta a wuraren biyu. Yaran da ke kusa da tsohon filin, karatunsu da riƙe abu a ka suka gyaru bayan an rufe shi. Na kusa da sabon kuma suka ja baya. Abin da ya faranta mini a wannan sakamako shi ne ɓarnar tana iya warwarewa idan aka rage ƙarar.

28 ga Afrilu

An samu ranakun da iska ta juyo daga kudu, wadda mutanen Jidda suke kira Azyab, mai zafi da ƙura. Idan ta yi ƙarfi sai a juya titunan, jirage su riƙa tashi ta kan gari. Ƙarar tashi daban take, ta fi kauri, ta fi daɗewa a sama, amma jirgin yana saurin yin nisa. Mun ware waɗannan ranaku a shafinsu.

10 ga Mayu

Ɓangaren iska ya fi na ƙara wuyar kamawa. Ƙananan na'urorin da muka saya suna auna ƙura mai laushi, irin wadda faɗin ƙwayarta bai wuce maikiron 2.5 ba (maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A garin da hamada take gefe guda, ga gine-gine ko'ina, ga motoci, wannan ma'auni kusan duk labarin ƙura da titi yake bayarwa. Abin da injin jirgi ya fi fitarwa kuwa ƙwayoyi ne da suka fi haka ƙanƙanta ƙwarai, ƙasa da maikiron 0.1. Ba su da nauyin da za a auna, sai dai a ƙirga su, kuma saboda ƙanƙantarsu suna kaiwa can ƙarshen huhu. Na'urarmu a wurinsu rariya ce mai manyan idanu, wucewa suke yi.

A 2014 masu bincike a Los Anjeles sun zagaya da mota ɗauke da na'urar ƙirga waɗannan ƙwayoyi, suka tarar yawansu ya ninka na sauran gari har nisan kilomita 16 daga filin jirgin, a ɓangaren da iska take kaɗawa. Birnin nasu ma a bakin teku yake, da iskar da ta fi zuwa daga gefe guda. Idan aka ɗora irin wannan nisa a kan taswirar Jidda daga filin zuwa kudu, ya shiga cikin gari sosai. Mun rubuta takardar neman aron irin wannan na'ura. Kafin ta samu, muna rubuta ranakun da mutane suka ji warin kananzir a saman bene, tare da inda iska ta fuskanta a ranar.

24 ga Mayu

Wani malami mai halaƙar hadda a masallacin unguwa ya bar mu muka zauna bayan la'asar. Da ƙofa a rufe da mukayyif a kunne, jirgi ba ya hana komai. Amma yaran sun yi yawa, ƙanana a farfajiya suke zama. Na ga yaro yana tsakiyar aya, ƙara ta taso, malam ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru, sannan ya ce, “Maimaita daga farko.” Yaron ya koma, ya rasa inda ya tsaya. Malamin bai ma lura yana ɗaga hannun ba sai da na gaya masa.

Binciken RANCH, da aka buga a 2005 a kan yaran firamare kusa da filayen jirgin Landan da Amstadam da Madrid, ya samu cewa fahimtar karatu tana raguwa gwargwadon ƙaruwar ƙarar jirage a makaranta. Hadda kuwa gaba ɗayanta a kan kunne da riƙewa take. Ba na son wannan ɓangare ya tsaya a gani da ido kawai, don haka za mu ajiye na'urar a farfajiyar, mu ƙirga sau nawa karatu yake tsinkewa.

21 ga Yuni

An yi Arafa ranar 5 ga wata, yanzu alhazai suna komawa. Bana sun haura miliyan 1.6, kuma mafi yawan waɗanda suka zo daga waje ta jirgin sama suka zo. Alhazan Najeriya da yawa a Madina suke sauka, amma komawa ta Jidda ce. Don haka muka ɗauki na'urar muka koma arewa, wajen Ubhur, inda masu tashi suke bi. Jirgi mai dogon zango yana tashi ne da tanki cike, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaga fiffike da wuri. Sai ya ci titi da yawa, ya hau sama a hankali, ƙararsa ta daɗe a ƙasa.

Ɗan kawuna ya raka wata gwaggonmu tashar alhazai, ni ma na bi. Duk wanda yake nazarin muhalli ya kamata ya tsaya ƙarƙashin wannan rufi. Tantuna 210 ne na wani yadi mai ƙarfi, a rataye a sama, gefe a buɗe. Suna tare zafin rana, suna barin haske ya shigo, iska tana ratsawa, iska mai zafi kuma tana fita ta saman kowane tanti. An ba ginin lambar yabon fasahar gine-gine ta Aga Khan a 1983. Tun wancan lokaci an nuna cewa ana iya yin babban abu a wannan zafi ba tare da an dogara da inji kaɗai ba. A waje kuma jirage suna tsaye, ƙaramin injin da ke wutsiyarsu yana ta aiki don sanyaya ciki kafin fasinja su hau. Wannan inji yana ƙona mai yana ƙara alhali jirgin bai motsa ba, kuma inda aka ba jirgi wuta da sanyi daga ƙasa ana iya kashe shi. Kowane kilo na man jirgi da aka ƙona yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon, ban da hayaƙin da ke tsayawa kusa da ƙasa.

Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, “Kai da kake ƙirga jirage, ka ƙirga nawa, ka yi mini addu'ar sauka lafiya.” Wannan aiki ba faɗa da jirgi ba ne, kuma ba na son kowa ya ɗauke shi haka. Kakanninmu a ƙafa suka zo ƙasar nan, ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu ba su iso ba. Jirgin da ke wucewa ta kan rufinmu iyayenmu ne a ciki, da abincin gidaje da yawa a unguwannin nan. Abin da nake so shi ne a san nauyin da na ƙasa suke ɗauka, a rage abin da zai ragu.

2 ga Agusta

An kai na'urar tantancewa. Ƙanwarmu tana haɗa takardun barci da jerin jirage, na watan azumi daban, na sauran watanni daban.

Na fara tsara babin shawarwari a kan tsarin da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da shi a 2001. Ya ƙunshi rage ƙara daga injin kansa, da tsara abin da ake ginawa kewaye da fili, da gyara yadda ake sauka da tashi, sannan taƙaita zirga-zirga idan sauran sun gaza. Wasu filaye kamar na Frankfurt suna hana tashi da sauka a tsakiyar dare, amma ban ga yadda hakan zai zauna a ƙofar Makka ba, kuma takardun barcinmu ma sun sa ni shakkar ko tsakiyar daren ne lokacin da ya fi buƙatar kariya a nan. Inda na fi ganin hanya shi ne gini. Fasinjojin filin sun haura miliyan 49 a 2024, ƙasar kuma tana neman kaiwa miliyan 330 a duk filayenta nan da 2030. Jirage za su ƙaru, gidajen da ake ginawa yanzu ƙarƙashin gangaren nan kuwa za su daɗe a tsaye. Taga mai gilashi biyu, da toshe ramin da ake sa mukayyif na bango, wanda ta nan ƙara ta fi shigowa a tsofaffin gidaje, da rufe farfajiyar karatun yara, duk abubuwa ne da mai gida ko kwamitin masallaci zai iya fara yi kafin a kai ga manyan hukumomi.

Wata mai zuwa za mu auna ciki da waje a lokaci guda, a gida mai tsohuwar taga da gida mai sabuwa a layi ɗaya, don mu ga desibel nawa taga take tarewa. Idan an dawo makaranta kuma na'urar za ta koma farfajiyar masallacin. Malamin ya ce shi zai riƙe takardar ƙirgar da kansa.